Yadda ake haɗa mai da ruwa su daina rabuwa da selulos ɗin da bakteriya ke saƙawa

Duk wanda yake haɗa man shafawa mai ruwa-ruwa a gida, ko mayonis, ko irin ruwan da ake zubawa a salak, ya san wannan ciwon kan, ka buga ka buga abu ya yi fari tas ka ɗura a roba, bayan kwana biyu ka duba ka ga mai ya taso sama ruwa ya koma ƙasa kowa ya kama gabansa. Abinda aka saba yi shi ne a sayo sinadarin haɗawa na kanti, irin su Tween ko kakin haɗa kirim, ko a sa gwaiduwar ƙwai in abinci ne. To akwai wata hanya daban wadda gaskiya ban ga ana maganarta sosai a wajenmu ba, wato amfani da selulos ɗin da wasu ƙwayoyin bakteriya ke saƙawa a saman ruwan zaƙi, kuma za ka iya nomansa da kanka a cikin roba a lungun ɗaki.

Selulos dai shi ne zaren da ke cikin auduga da takarda da jikin itace. Amma na itace a cakuɗe yake da wasu abubuwa, sai an sha wahala da sinadarai kafin a raba su. Na bakteriya kuwa tsantsa yake fitowa, kuma zarensa siriri ne ƙwarai, faɗinsa bai kai nanomita 100 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ido ba ya ganin ɗaya ɗinsa sai in sun taru. Ƙwayar da aka fi sani da wannan aikin sunanta Komagataeibacter xylinus, a tsofaffin littattafai za ka ga an rubuta Acetobacter xylinum, duk ita ce. Wani Bature ɗan Ingila A. J. Brown ne ya fara bayaninta a 1886 lokacin da yake binciken fatar nan mai santsi da ke fitowa a saman khal. Mutanen Filifins kuma cinta suke yi, nata de coco ɗin nan mai taunuwa da ake sawa a kayan zaƙi shi ne dai wannan selulos ɗin, da ruwan kwakwa ake yinsa. Faifan da ke shawagi a saman kombuca, wato shayi mai sukari da ake bari ya yi tsami, ma shi ne.

Yadda yake riƙe mai ba irin na sabulu bane, kuma wannan ne ya kamata ka fara ganewa don duk sauran aikin a kansa ya rataya. Sinadarin kanti narkewa yake yi ya shiga tsakanin mai da ruwa. Selulos ba ya narkewa ko kaɗan, ƙananan zaruruwan ne ke zuwa su manne a jikin kowane ɗigon mai su lulluɓe shi, in ɗigo biyu suka yi karo sai bango ya haɗu da bango, man ciki bai taɓa juna ba balle su haɗe. Kamar dai yadda mai fura take birgima curi a cikin gari don kada su manne da juna a ƙwarya. Masana suna ce wa irin wannan haɗin emolshon na Pickering, saboda Spencer Pickering da ya yi rubutu a kai a 1907, duk da Walter Ramsden ya riga shi lura da abin tun 1903. Kuma zaren da ya riga ya manne da wuya ya saki, shi ya sa haɗin yake jure zafi da gishiri da tsami. Ragowar zaren da bai samu ɗigon da zai manne wa ba kuma yana sarƙewa a cikin ruwan ya ba shi kauri, wannan ma ƙarin taimako ne.

Tunda bango ne na zahiri, to abu biyu ne ke yanke hukunci, yadda zaren ya niƙu da kuma yawansa na gaskiya a cikin ruwan. Mafi yawan haɗin da ke lalacewa tun kafin a zuba mai ya riga ya lalace.

Noman fatar

Hanya mafi sauƙi a gida ita ce ta shayi. Ka tafasa ruwa lita 1, ka jefa ganyen shayi kamar gram 5, wato jaka biyu ko uku na irin Lipton, ka bar shi minti goma ka cire, ka zuba sukari gram 80 zuwa 100 ka juya ya narke. Ka bari ya huce sarai, dan Allah kar ka yi gaggawa a nan, ruwan zafi kashe ƙwayoyin yake yi. In ya huce sai ka zuba iri, wato ruwan kombuca mai rai mililita 100 zuwa 200 tare da ɗan yankin fatar in ka samu. In babu kombuca a kusa da kai, khal ɗin tufa wanda ba a tace ba, mai gurɓi-gurɓi a ƙasan kwalba, yakan tayar da fata shi ma amma ba kullum ba kuma yana ɗaukar lokaci. Amfanin irin ba ƙwayoyin kaɗai bane, tsaminsa ne ke sauko da pH, wato ma'aunin tsami, ƙasa da 4.5 ya hana fumfuna samun gindin zama tun farko.

Mazubin ya zama mai faɗin baki, gilashi ko robar abinci mai tsabta, kuma ruwan kar ya yi zurfi, santimita huɗu ko biyar ya isa. Dalili, ƙwayoyin nan iska suke shaƙa, a saman ruwa kawai suke saƙa, don haka faɗin saman ne ke ba ka yawa ba zurfin ba, lita ɗaya a faffaɗan tire ta fi lita ɗaya a doguwar kwalba amfani nesa ba kusa ba. Ka rufe da farin ƙyalle mai tsabta ka ɗaure da roba saboda ƙudaje da ƙura, ka ajiye inda ba rana kuma ba mai taɓawa. Kar ka girgiza, kar ka riƙa ɗagawa kana leƙe, in fatar ta nutse sabuwa ce za ta fara daga farko a sama ka ƙare da siraran fatu maimakon ɗaya mai kauri.

Zafin da suka fi so digiri 28 zuwa 30 ne. Mu nan a bazara, watan Afrilu da Mayu, ɗaki mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana wuce haka sosai kuma ƙwayoyin sai su yi sanyin jiki, to ka nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kusa da randa, ko ka naɗe mazubin da jiƙaƙƙen buhu. Da hunturu kuma jinkiri kawai za ka gani, ka lulluɓe shi da bargo ka ƙara haƙuri. Cikin kwana 10 zuwa 14 za ka samu fata mai kaurin rabin santimita zuwa santimita ɗaya. In ka ga wani abu busasshe mai gashi-gashi, kore ko baƙi ko fari, ya fito a samanta, fumfuna ce, zubar da komai ka wanke mazubin da ruwan zafi ka sake, babu batun yanke wajen a yi amfani da sauran.

Wani zai tambaya batun giya tunda abin ruɓawa ne. E, yis ɗin da ke cikin kombuca yana fitar da ɗan barasa, bakteriyar kuma tana mayar da shi tsamin khal, amma mu ba ruwan muke so ba, fatar muke ɗauka kuma za a dafa ta a wanke har sai ba abinda ya rage sai zare. Ruwan sai dai ka ɗebi kaɗan ka ajiye ya zama irin zagaye na gaba. Shayi baƙi yana ba fatar launin ƙasa-ƙasa, in fara kake so tun farko ka yi da koren shayi, ko ruwan kwakwa, ko ruwan ɓawon abarba da aka tafasa aka tace aka sa wa sukari. Wanda kuma ya samu nata de coco na gwangwani a babban kanti ya huta da duk wannan, ya jiƙa ya yi ta canza ruwa har zaƙin ya fita, ya wuce zuwa wanki.

Wanki da niƙa

Fatar da ka ciro cike take da ƙwayoyin bakteriya da yis da sukari da tsami, in ka bar su haɗinka zai yi wari ya ruɓe da wuri. Ka wanke ta da ruwa, ka yayyanka, sannan ka dafa ta a ruwan soda, wannan dai kostik ɗin ta masu sabulu, gram 10 a ruwa lita 1, a zafin kamar digiri 80 na tsawon awa ɗaya, ba sai ya yi ta tafarfasa ba. Ruwan zai yi duhu, fatar ta fara haske, in har yanzu da sauran launi ka sake sabon ruwa ka maimaita. A nan a kula sosai: soda ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin soda ba, a sa safar hannu da tabarau, a kori yara daga wajen, kuma kar a kuskura a yi a tukunyar alminiyam irin ta ƙira da muke girki da ita, soda tana cin alminiyam tana fitar da iska mai kama wuta. Tukunyar sitenles za a nema. In abinci za ka yi da shi to sodar ta zama irin wadda aka amince a sa a harkar abinci, ko ka bi hanyar masu yin nata de coco, wato jiƙo da tafasawa a ruwa zalla ana canzawa sau da yawa har wari da tsami su tafi.

Bayan soda sai ɗauraya, ka yi ta canza ruwa, ka bar ta ta kwana a ruwa ka sake canzawa, har takardar gwajin pH ta nuna 7. Ɗan khal kaɗan a ɗaurayar kusa da ƙarshe yana saurin kashe ragowar sodar. Kar ka yarda da ido ko taɓawa a nan, ka gwada da takarda, kuma ka matse yanki ɗaya ka gwada ruwan da ya fito daga cikinsa don soda tana maƙalewa a ciki.

Kuma daga nan har ƙarshe kar ka bari ta bushe. Wannan kuskuren mutane da yawa suna yinsa da kyakkyawar niyya, wai a shanya a daka a samu gari mai daɗin ajiya. In selulos ɗin nan ya bushe zaruruwan manne wa juna suke yi gam, ko ka jiƙa shi sati ba zai koma yadda yake ba, ka samu wani abu mai tauri da ba ya riƙe komai. Kamfanonin da ke sayar da shi a gari sai sun gauraya shi da wani abu kamar CMC, wani sinadarin ƙara kauri, kafin busarwa sannan yake sake warwarewa. Firiza ma haka take yi masa, ƙanƙara tana matse zaren waje ɗaya. A jiƙe ake ajiye shi, a firij, in kuma wuta ba ta tsayawa ka tafasa shi ka ɗura da zafinsa a kwalba mai murfi.

Niƙan shi ne inda za ka kashe lokaci. Ka sa yankakkiyar fatar a blanda da ruwa daidai nauyinta ko ninki biyu, ka kunna a gudu na ƙarshe minti ɗaya ko biyu ka kashe injin ya huta ka sake, har jimillar ta kai minti 10 zuwa 15. Tun a minti uku zai yi maka kamar ya yi, bai yi ba, ka ɗebi kaɗan ka zuba a kofin gilashi mai ruwa ka ɗaga wa haske, in kana ganin ƴan gutsattsari suna yawo ka koma blanda, abinda ake so shi ne ruwan ya yi hazo bai ɗaya. Sai ka tace da rariya mai laushi, abinda ya tsaya a sama a mayar a sake niƙawa. A ɗakin gwaje-gwaje suna da injin matsi mai ƙarfi da na sauti da ke warware zaren fiye da haka, blanda ba za ta kai su ba, sakamakon haka ɗigon man ka zai fi nasu girma kuma za ka buƙaci selulos fiye da nasu, amma yana aiki.

Yanzu ka san nawa ne a hannunka. Fatar nan kusan kashi 99 cikin 100 ɗinta ruwa ne, don haka in wani ya ce maka “sa cokali biyu” bai gaya maka komai ba, cokali biyu na wani rabin na wani ne. Ka nemi sikeli mai auna har 0.01 na gram, irin na masu sayar da gwal. Ka auna ƙaramin faranti, ka zuba niƙan gram 50, ka busar da shi ƙarau a rana ko a oben mai ɗan zafi, ka sake aunawa ka cire nauyin farantin. In gram 0.25 ya rage, niƙanka 0.5% ne. In 0.5 ya rage, 1% ne. Ni na fi son a kai shi 1% don lissafi ya yi sauƙi, in bai kai ba ka juye a ƙyalle ruwa ya ɗiga kaɗan ka sake gwadawa. Wannan ɗan samfurin da ka busar shi kaɗai ne aka yarda ya bushe.

Haɗin kansa

Kar ka fara da kilo. Ka jera kwalabe biyar iri ɗaya na gilashi garau, kowacce haɗin gram 100, mai gram 20 ɓangaren ruwa gram 80. Da niƙa mai 1%, ta farko ka sa gram 8, ta biyu 24, ta uku 40, ta huɗu 56, ta biyar 80, ka cike kowacce da tafasasshen ruwa zuwa gram 80. Ka ga kenan ka samu 0.1, 0.3, 0.5, 0.7 da 1% na selulos a ɓangaren ruwan. Man da za ka fara da shi ya zama mai ruwa, man gyaɗa ko na riɗi ko na zaitun. Ka fara buga ɓangaren ruwan shi kaɗai rabin minti, sannan ka riƙa tsiyaya man siriri injin yana gudu, in ya gama shiga ka ci gaba minti biyu zuwa uku. In blandar hannu ce kanta ya zauna a ƙarƙashin ruwan don kar ta ja iska, kumfa tana cinye zaren da ya kamata ya je jikin mai. Duk kwalaben lokaci ɗaya gudu ɗaya, in ba haka ba ba ka san abinda kake kwatantawa ba.

Abinda ke faruwa a ciki shi ne injin yana farfasa man zuwa ɗigo ƙanana da yawa fiye da yadda zaren zai iya rufewa, da ka kashe sai waɗanda ba su rufu ba su fara haɗewa, suna girma faɗin jikinsu gaba ɗaya yana raguwa, har a kai inda zaren da ke nan ya isa ya rufe kowa, sai haɗewar ta tsaya cak. Shi ya sa kwalba mai selulos kaɗan za ka ga ɗigonta manya har ido na gani, mai yawa kuma ta yi fari sumul. Akwai kuma inda in ka kai ƙari ba ya ƙara komai sai kauri, wannan wurin kake nema da kwalaben nan, mafi ƙarancin da ya riƙe.

Ka ɗiga kaɗan a kofin ruwa, in ya bazu ya gauraya to mai ne a cikin ruwa, haka ake so. Selulos ɗin nan ruwa ya fi so, don haka irin wannan haɗin kawai yake bayarwa, in kana son akasin haka, ruwa a cikin mai, sai an canza jikin zaren da sinadarai, ba aikin gida bane.

Ka duba bayan awa 24, bayan sati, bayan wata, ɗaya saitin a ɗaki ɗaya a waje mai ɗumi in za ka iya. Kuma ka bambance abu biyu da ake yawan ruɗewa a kansu. In ka ga farin kauri a sama, ruwa garau a ƙasa, haɗin bai mutu ba, ɗigon ne suka taso saboda mai ya fi ruwa rashin nauyi amma kowanne yana cikin rigarsa, ka girgiza a hankali zai koma. Ka sa rula ka auna tsayin ruwan ƙasan ka raba da tsayin duka ka rubuta, da haka za ka kwatanta kwalaben. Maganinsa ƙarin selulos, ko ƙarin mai zuwa kashi 30, ko ɗan zantan gam, wani garin ƙara kauri, 0.1 zuwa 0.2% a ɓangaren ruwan. Ƙaro ma, wanda muke da shi a Borno da Yobe da Jigawa har Cadi da Sudan, tsohon mai riƙe mai ne da kamfanonin lemo suka daɗe suna amfani da shi, ya cancanci a ba shi kwalba ɗaya a jerin a ga yadda za su zauna tare. In kuwa mai ne tsurarsa, rawaya garau, yake kwance a sama, wannan ya fashe, ko zaren bai isa ba ko bai niƙu ba ko ya taɓa bushewa.

Masu son sa man kaɗe, a narkar da shi a haɗa da mai mai ruwa rabi da rabi, a ɗumama ɓangaren man da na ruwan duka zuwa digiri 60 ko 70 kafin a buga, sannan a ci gaba da juyawa a hankali har ya huce. Kaɗe in yana daskarewa yana yin ƙwayoyi masu tsini da kan huda bangon ɗigon su haɗa shi da maƙwabcinsa, shi ya sa zallarsa ya fi wuyar sha'ani. Gilisirin kashi 2 ko 3 yana gyara yadda yake kwanciya a jiki. In selulos ya yi yawa a man shafawa za ka ji yana murtsukewa a fata in ya bushe, a rage.

Selulos ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma duk abinda ke da ruwa kashi 80 gidan fumfuna ne, musamman a zafinmu. Na abinci a yi kaɗan a sa a firij a cinye cikin ƴan kwanaki, ko a sauko da pH ƙasa da 4.5 da khal ko lemon tsami a sa fotasiyam sobet, maganin hana ruɓewa na abinci. Na shafawa dole a sa maganin hana ruɓewa na kayan kwalliya daidai yadda mai sayarwa ya rubuta, a gwada a cikin hannu kwana biyu kafin a kai fuska, kuma wanda zai sayar wa jama'a a Najeriya sai ya bi ta NAFDAC. Ka kuma yi lissafin yawa tun da wuri, lita ɗaya ta shayi ƴan gram kaɗan na busasshen selulos take bayarwa, kilo ɗaya na haɗi mai 0.5% kuma gram 4 yake ci, don haka mai sana'a tire da yawa zai jera yana girbe wasu yana zuba wasu.

Ɗaliban kimiyya da ke son yin firojet a kan wannan, matakin gaba shi ne gutsuttsura zaren da asid ya koma gajerun sanduna. Ƙungiyar Isabelle Capron a cibiyar binciken noma ta INRA a birnin Nantes na Faransa sun nuna a 2011 cewa sandunan da aka samu da asid HCl suna riƙe mai na watanni ba tare da an ƙara wani sinadari ba, daga baya ma suka kai man sama da kashi 74 na haɗin. Zaɓin asid ɗin yana da tasiri, salfurik yana barin caji a jikin sandunan sai su riƙa tunkuɗe juna su ƙi jeruwa a jikin ɗigon, sai an sa ɗan gishiri ya danne cajin, HCl kuwa ba ya barin wannan cajin, shi ya sa aka fi farawa da shi. Wannan aikin na lab ne mai injin zuƙe hayaƙi da malami a tsaye, kar a gwada shi a kicin.